Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin SON Da FCCPC: Su Wane Ne Ke Sassaƙa Mana Mudu?

Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, da Shugaban Hukumar Kula da Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ni mai sana'ar buga bulo ne a cikin garin Gombe. Na yi 'yar diflomata ta aikin gine-gine a Bauchi, na ɗan taɓa aikin gwamnati, daga baya na ga yashi da siminti sun fi riƙe ni. Sama da shekara ashirin ke nan ina wannan fili, da yara goma sha ɗaya da ke cin abinci a ƙarƙashina. Na haɗa ku biyu a takarda ɗaya ne saboda maganar da ke tafe da ni ta faɗo tsakanin ofisoshinku, kuma ciyawar da ta fito a kan iyakar gona, kowa ɗauka yake maƙwabcinsa ne zai nome.

Duk wanda ya taɓa awo a Tudun Hatsi ya san maganar mudu. Akwai mudun da aka bubbuge gindinsa ya lotsa ciki, akwai wanda aka rage wa baki, akwai kuma ɗan kasuwar da ke da mudu biyu, ɗaya na saye daga hannun manomi, ɗaya na sayarwa. Wannan algus ne da ido ke gani, tun muna makarantar allo ake mana wa'azinsa, sura guda ta sauka a kansa. To amma ku ɗauka an ba babban dillali ɗaya dama ya zauna ya faɗi girman da mudu zai kasance a duk kasuwar, sai ya zaɓi daidai girman mudun da ya riga ya tara ɗaki guda. Bai lotsa komai ba, ba kuma wanda zai kama shi da laifi. Sauran 'yan kasuwa ne za su wayi gari su tarar mudunsu ya zama haramtacce. A kan irin wannan nake rubuto muku, wato su wane ne ke zama su rubuta ma'aunin ingancin kayan da ke kasuwarmu.

Mu a Gombe mun fara jin nauyin wannan magana a 2014, lokacin da aka fito da sabon tsari kan siminti. Siminti dai aji-aji ne. Lambar nan da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5 ko 52.5, tana nuna ƙarfin dannin da zai iya jurewa bayan kwana 28 da kwaɓawa. Sabon tsarin ya ce mai 52.5 na gadoji ne, mai 42.5 shi ne na zuba ginshiƙi da dekin da buga bulo, mai 32.5 kuwa a bar shi ga filasta. Dalilin da aka bayar shi ne yawan rushewar gine-gine, kuma dalili ne mai nauyi, don rayuka sun salwanta. Kamfanin Dangote, wanda a shekarar ya shigo kasuwa da simintinsa mai 42.5, ya yi na'am da tsarin. Lafarge da UniCem da Ashaka, masu 32.5 a kasuwa, suka ce ba su yarda ba. Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ta yi zaman jin ba'asi, maganar har ta dangana da kotu.

Ashaka kuwa a wurinmu ba sunan kamfani ba ne kawai. Masana'antar tana nan cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye, kusa da Bajoga, tana fitar da siminti tun 1979, kafin ma a yanke jihar Gombe daga Bauchi a 1996. Da wuya ka sami unguwa a garin nan da ba a gina ta da shi ba. Ina tuna wata safiya a wannan lokaci, wani birkila da muka daɗe tare ya shigo filina, ya juya buhu ɗaya, ya share ƙurar da tafin hannu, ya bi lambar da yatsa kamar mai bitar allo. Ya ɗago ya ce, "Oga, an ce wannan ne ke kashe mutane a Legas?" Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana gini da wannan simintin, ko katanga ɗaya ba ta taɓa faɗo masa ba. Mai ginin da yake yi wa aiki ya ce a dakata da bulo ɗari takwas da na riga na buga, sai an ji yadda ta kaya.

Ban zo tayar da tsohuwar shari'a ba, ban kuma ɗora wa kowa laifi a kanta ba. Ra'ayina dai na mai sana'a shi ne, abin da ke kayar da gini a wajenmu ya fi yawa daga hannun mai kwaɓi: a fitar da bulo hamsin daga buhu ɗaya, a yi amfani da yashi mai laka, a hana bulo ruwa a loda shi a mota washegari, a sa rodi siriri inda ya kamata a sa mai kauri. Wanda ya saba wannan, ko 52.5 ka ba shi sai ya ƙara yashi. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ga yadda layi biyu ko uku a cikin takarda ke iya juya kasuwar ƙasa baki ɗaya. Na kuma ji abin da ake faɗa a majalisu da wuraren mai shayi, kowane ɓangare yana rantsuwa cewa ɗayan ne ya sayi hukuncin. Hukunci ya iso mu ta rediyo da bakin dillalai, inda ya kamata bayani ya zauna sai jita-jita ta zauna.

Na san yadda ake rubuta ma'aunin inganci. Ba mutum ɗaya ke zama ya rubuta ba, kwamitin ƙwararru ake haɗawa, da malaman jami'a, da jami'an gwamnati, da wakilan masana'antu, su yi ta tafka muhawara har a daidaita, sannan a miƙa ga majalisar hukumar ta amince. Ba kuma zan ce a kori 'yan kamfani daga ɗakin ba, wannan wauta ce. Wanda ya shekara ashirin a bakin murhun ƙona siminti ya san abin da farfesa bai sani ba. Matsalar ita ce wanda ya fi kowa sanin abin, shi ne kuma wanda ya fi kowa riba ko asara idan an rubuta shi ta wata fuska. Ƙasashen da suka riga mu a wannan harka sun sha wuya kafin su gane haka, kuma labarinsu yana rubuce a kotuna.

Ku ba ni dama in ɗan tsaya a kan guda ɗaya, don ya shafi abin da kowane mai wayarin a Gombe ke binnewa a bango kullum, wato fayif ɗin roba da ake zura wayar lantarki a ciki. A Amurka akwai ƙungiyar kare gobara, NFPA, mai fitar da kundin ƙa'idojin aikin lantarki wanda jihohi da birane da yawa ke ɗauka su mayar doka. A da fayif ɗin ƙarfe kundin ya sani. A 1980 wani kamfani mai suna Indian Head ya nemi a shigar da na roba. Kwamitin ƙwararru ya duba ya amince, saura kawai a kaɗa ƙuri'a a babban taron shekara. Sai Allied Tube, wanda ya fi kowa ƙera fayif ɗin ƙarfe a ƙasar, ya haɗa kai da sauran masu ƙarfe da dillalansu. Suka ɗebo mutum 230 suka yi musu rajistar zama 'yan ƙungiya, suka kashe sama da dala 100,000 a kan rajista da kuɗin zuwa taro. A cikin zauren, da na'urar oba-oba da alamar hannu ake nuna musu inda za su zauna da lokacin da za su ɗaga hannu. Ko ɗayansu bai tashi ya faɗi dalilin ƙin amincewarsa ba. Aka ƙirga, 394 da 390, fayif ɗin roba ya faɗi da ƙuri'a huɗu.

Duk ɗan Najeriyar da ya taɓa ganin zaɓen fid da gwani zai ce ai wannan namu ne. Amma ga inda darasin yake. Da aka je kotu, an tabbatar cewa masu ƙarfen ba su karya ko ɗaya daga cikin dokokin ƙungiyar ba, har ma an yarda cewa akwai tsoron gaske a ransu game da haɗarin roba. Duk da haka aka same su da laifin murɗe tsarin, kuma a 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ba za su fake da cewa ra'ayinsu kawai suka bayyana ba, dokar hana haɗin baki a kasuwa ta hau kansu. Wato ƙofar a buɗe take, su dai suka shige. Dokar ƙungiyar ce ba ta yi tanadin ranar da masu kuɗi za su cika ɗaki ba.

Akwai wata shari'ar da ta riga wannan, a 1982, wadda ya kamata ta hana duk shugaban irin wannan hukuma barci. Wani ƙaramin kamfani, Hydrolevel, ya ƙera na'urar da ke kashe wutar tukunyar tururi idan ruwa ya yi ƙasa. Babban abokin gasarsa yana da mataimakin shugaban kamfani a kujerar mataimakin shugaban ƙaramin kwamitin ƙungiyar injiniyoyi ta ASME mai kula da wannan fanni. Aka shirya tambaya, aka shirya amsa, amsar ta fito a kan takarda mai tambarin ƙungiya tana nuna shakku kan irin na'urar Hydrolevel, 'yan tallan babban kamfanin suka ɗauke ta suna nuna wa masu saye. Ƙaramin kamfanin bai sake miƙewa ba. Kotun Ƙoli ta ce ita ƙungiyar kanta za ta ɗauki alhaki, ko da ba ta ci ribar sisi ba, tunda da sunanta da tambarinta aka yi ɓarnar.

Sai kuma masu ɓoye haƙƙin mallakar fasaha. Kamfanin Rambus ya zauna a kwamitin JEDEC mai tsara ma'aunin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya fice a 1996, bayan duniya ta rungumi ma'aunin ya fito yana neman a biya shi kuɗin fasahar da ke ciki. Hukumar kasuwanci ta Amurka ta same shi da laifi a 2006, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2008. Shekaru aka kwashe ana shari'a, kuma babban abin da aka yi ta ja a kai shi ne me dokar kwamitin ta wajabta wa mamba ya bayyana. Tun a 1924 ma manyan masu ƙera ƙwan lantarki, su Osram da Philips, sun zauna a Janiba suka daidaita cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, suka sa tara ga wanda nasa ya daɗe.

Kada ku ce na kwaso labarin Turawa don in nuna na yi boko. Bari in faɗi nawa, ko da zai ba ni kunya. Wata shekara mu masu buga bulo na ɓangarenmu muka kira taro bayan la'asar a wani ajin firamare, muna zaune a kan bencin yara gwiwoyinmu na taɓa tebur. Niyya mai kyau ce ta tara mu. Wasu sun rage girman abin bugunsu, bulon da ake kira inci tara idan ka sa tef ba ya kaiwa, mu kuma masu cikawa muna asara. Muka ce a daidaita girma, a daidaita yawan bulo a buhu. Ba a yi rabin awa ba magana ta koma kan farashi. Wani ya ce a tsayar da kuɗin bulo ɗaya, wanda ya sayar ƙasa da haka a ci shi tara. Wani ya ce a rubuta cewa bulon inji kaɗai ne mai inganci, a kai takardar ga masu ba da kwangila. Mu da muke da inji a ɗakin ba mu fi mutum shida ba, amma mu ne a gaba, mu ne muka sayi ruwan leda da goro, mu ne ke riƙe da biro. Na ɗaga hannu, ranku ya daɗe. Na ɗaga shi ina jin cewa gyara nake yi.

Wani dattijo mai bugun hannu ne ya tashi daga baya. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce a ɗauko bulonsa biyar da na kowane mai inji biyar, a kai inda ake gwaji a danne su, wanda nasa ya fashe da wuri shi za a rubuta. Ɗakin ya yi tsit, don kowa ya san tsohon nan kwana bakwai yake ba bulonsa ruwa safe da yamma, mu kuwa wasunmu inji ya sa mu gaggawa. Taron ya watse ba a rubuta komai ba. Sai daga baya na gane cewa abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikin ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda Najeriya ke ciki tun 1995: a rubuta ma'auni a kan abin da kaya zai iya jurewa, ba a kan yadda aka ƙera shi ba, duk inda hakan zai yiwu. Idan mu da ke rigima a kan 'yan nairori a bulo ɗaya muka zame haka cikin rabin awa, ina ga ɗakin da ake maganar biliyoyi?

Don haka roƙona na farko, kuma wanda ya fi kowanne girma a wurina, a sa sunaye a fili inda talaka zai gani. Kowane kwamitin ƙwararru, a san su wane ne a ciki, wa ke biyan kowannensu albashi, wa yake yi wa aikin ba da shawara, a wane kamfani yake da hannun jari. Har da malaman jami'a, domin farfesan da kamfani ya gina wa ɗakin gwaji ko yake ɗaukar nauyin bincikensa, ba laifi ya yi ba, amma ya kamata a sani. A cike wannan takarda kafin a zauna, a sabunta ta idan hali ya canza. Wanda ke da kaya a kasuwar da ake magana a kai ya kawo iliminsa, a saurare shi da kyau, amma kada ya riƙe kujerar shugaba, kada kuma ya zama shi ke rubuta abin da taro ya yanke. Wanda ke da haƙƙin mallakar wata fasaha da ake shirin cusawa a ma'auni ya faɗa tun kafin a kaɗa ƙuri'a, a rubuce, tare da sharaɗin da zai bari wasu su yi amfani da ita.

Sai rabon kujeru. A tsarin ANSI, ƙungiyar da ke sa ido kan rubuta ma'aunin inganci a Amurka, an daɗe ana bin cewa idan ma'auni ya shafi tsaron lafiya, kada ɓangare ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na masu ƙuri'a. Ba sai mun kwafi lissafinsu ba, amma mu sa namu a rubuce. Kuma kujera a takarda ba ta isa ba. Babban kamfani yana da ma'aikacin da aikinsa ke nan, zuwa taro a Abuja ko Legas, da kuɗin jirgi da na otal. Birkila ko mai walda ko mai haɗa sola daga Gombe, idan ya rufe shago kwana uku ya tafi, gidansa ne zai ji a jika. Haka ɗaki ke cika da masu hali ba tare da kowa ya yi maguɗi ba. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, ga Jami'ar Jihar Gombe, ga ta Tarayya a Kashere. A riƙa kawo zaman jin ra'ayi nan, ko a haɗa mu ta bidiyo daga ɗaya daga cikinsu. Ƙa'idar WTO ɗin nan ta ce a ba da aƙalla kwana 60 don jama'a su yi tsokaci a kan daftari kafin a amince da shi. Kwana sittin ɗin ba su da amfani ga wanda bai ji an fara ƙirga su ba. A sanar a rediyo da Hausa, a taƙaita daftarin a shafi ɗaya da harshen da mai sana'a zai gane, a ba da shi kyauta. Wanda aka ƙi ra'ayinsa a ba shi dalili a rubuce, a kuma nuna masa inda zai kai ƙorafi wanda ba kwamitin da ya ƙi shi ba.

Ranka ya daɗe shugaban FCCPC, nan ne naka ya shigo. Lokacin rigimar siminti ƙasar nan ba ta da cikakkiyar dokar gasar kasuwanci. Sai a farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar 2018 da ta kafa hukumarku, kuma sashe na 59 ya haramta yarjejeniya tsakanin 'yan kasuwa, ko shawarar ƙungiyarsu, da za ta toshe gasa, irin su tsayar da farashi da raba kasuwa. Kwamitin ma'auni kuwa wuri ne da doka da kanta ta tara abokan gasa a ɗaki ɗaya ta ce su daidaita. Ina roƙon duk ma'aunin da zai fitar da wani kaya daga kasuwa, ko ya rage masu iya ƙera shi zuwa ɗaya ko biyu, ya bi ta teburinku kafin ya fita, ku tambayi hujjar gwaji, ku tambayi ko akwai hanyar da za ta kare rayuka ba tare da ta rufe shagon kowa ba, ku tambayi wa'adin da aka ba ƙanana su gyara. A kuma riƙa karanta gargaɗi a farkon kowane zama, cewa farashi da rabon yanki da yawan abin da kowa zai fitar ba sa cikin abin da aka zo yi, wanda ya ɗauko su a tsayar da shi a rubuta. Da an karanta mana irin wannan a ajin firamaren nan, da wataƙila hannuna bai tashi ba.

Abin da ya sa ban bari sai gobe ba, kaya sababbi suna ta shigowa kasuwarmu waɗanda ma'auninsu zai yanke wa mutane da yawa abinci: farantan sola da batiransu, inbata, mitar wuta, tukunyar gas da ake ɗaura wa mota da Keke, babur mai caji. Yaran da suka koyi haɗa waɗannan a Gombe da Bauchi suna da yawa, kuma ranar da aka rubuta cewa irin soket kaza ko irin batir kaza kaɗai ya halatta, ranar za a san wanda zai ci gaba da wanda zai koma acaɓa.

Tunda na nemi kowa ya faɗi inda yake da hannu, ga nawa. Ina da injin buga bulo biyu. Ina sayen siminti a hannun dillalan kamfanoni biyu, ɗaya daga cikinsu yana ba ni bashi zuwa ƙarshen wata. Ɗan ƙanwata direban tirela ne mai ɗauko siminti. Idan har aka buɗe kujera ga masu buga bulo na wannan yanki, duk wata ƙa'ida da ta fifita inji ni za ta yi wa daɗi, don haka kada a ba irina kaɗai. A haɗa da mai bugun hannu, a kuma biya masa kuɗin mota.

Wassalam.

Naku,
Mai sana'ar buga bulo,
Gombe.